Faifai Na Huɗu

Gara in faɗa tun yanzu, ni mai ba ku labarin nan ban taɓa kai fim ƙarshe ido biyu ba. Da an shiga waƙa ta biyu, minsharina ke karɓar amshi. Don haka kada ku bi ta kaina, ku bi Mairama, wadda ko ƙyaftawa ba ta yi.

"Kada ka tafi... Don Allah kada ka tafi!"

Muryar Mairama rawa take yi. Tana durƙushe kusa da kunnen mahaifinta, Baba Bature, tana faɗa masa abin da ke gudana a jikin farin ƙyallen da aka kafa a bangon zaure. Ba ta jin Indiyanci ko kalma ɗaya, amma duk Birnin Gwari ba wanda ya taɓa ƙaryata fassararta.

"Ya hau jirgin?" in ji Baba.

"Ya hau, Baba. Tana tsaye a tasha, mayafinta ya zame ba ta ma sani ba."

Sai zaren fim ya ƙare, fat-fat-fat, farin haske ya cika ƙyallen.

Baba Bature ya yi ƙuruciyarsa yana yawon nuna majigi gari-gari tare da wani Kwara, ɗan ƙasar Labanan. Da sana'ar ta mutu, aka sallame shi da tsohuwar majigin da fim ɗaya, baƙi-da-fari, faifai uku cikin gwangwani uku. Na huɗu, in ji shi, ya faɗa rafi a bayan Kakangi ranar da mota ta kife da su. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, Mairama ce idonsa. Kowace Juma'a bayan la'asar a toshe taga da buhu, a ta da ɗan injin wuta, a kalla, sannan a zauna shari'a. Ƙara ɗaya ce kullum: saurayin ya dawo ko bai dawo ba?

"Ya dawo," in ji Gwaggo Laraba, ƙanwar Baba. "Mai gashin baki irin wannan ba ya cin amana."

"Ladan fa?"

"Duk yadda kuka gani, Baba, haka na gani," in ji Ladan Maiturare, wanda ƙamshinsa ke riga shi shiga zaure. Bai taɓa fahimtar fim ɗin ba, Mairama yake zuwa kallo.

Saura mutum ɗaya. Abdulsalam, ma'aikacin gandun daji, shi kaɗai ya iya lallaɓa majigin in ta yi gardama, da haka ya sami wurin zama. Yau kuwa tun shigowarsa yake murza hula a hannu.

"Baba, yau ba shari'a ta kawo ni ba. An ba ni tafiya Kudu, karatun gandun daji. Ina roƙon ku ba ni Mairama, a yi baiko, in na dawo a ɗaura."

Mairama ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ladan ya yi gyaran murya.

"Ikon Allah! Ba kai ne kullum kake cewa bai dawo ba? Baba, ku tuna. Ya ce a dubi yadda saurayin ya rungume akwatinsa da hannu biyu, ita ko ɗan yatsa bai miƙa mata ba. Ya ce namiji in ya ga fitilun birni, shi ke nan."

Gaskiya ne, Abdulsalam ya faɗa. Ba sau ɗaya ba ma. Yakan faɗa ne don Mairama ta fusata, ta manta kunya ta juyo ta yi masa gardama, shi kuwa ya sami ganin idanunta a cikin hasken majigi. Mu maza haka muke, mu haƙa rami don a yi dariya, mu dawo mu auna shi da tsawonmu.

"Wasa nake yi, Baba!"

"A kotuna ba a wasa," in ji Baba Bature a hankali. "Kai ka yanke hukunci, yanzu kuma ka ɗauko akwati."

"Yaya, fim ne fa," in ji Gwaggo.

"To fim zai raba mu. Ka je birni, yaro. Can akwai gidajen silima. Ka samo mini faifai na huɗu. In saurayin ya dawo, Mairama taka ce. In bai dawo ba, ka riga ka faɗi halinka da bakinka."

"Baba..." in ji Mairama.

"Kai ni ciki, Mairo. Ƙafata ta yi sanyi."

Ta kama hannunsa. Ya riƙe nata gam, fiye da yadda tafiyar ke bukata.

Ranar tafiya Mairama ta fake da kai wa Gwaggo niƙa, ta sami Abdulsalam a bakin titi inda motar Kaduna ke lodi, dajin nan ya yi shiru a bayansu.

"Me ya sa ka yarda?" ta ce, hawaye na zuba. "Ka tsaya ka yi masa gardama mana, kamar yadda kake yi mini!"

"Faifai ɗaya ne fa, Mairamata. Ko a bakin teku yake zan samo shi."

"In kuma aka kunna aka ga bai dawo ba?"

"Ya dawo."

"Yau kuma?"

"Tun ranar farko na san ya dawo. Wa zai bar mai irin wannan tsayuwa?"

Ta yi dariya cikin kuka.

"Ajiye akwatin nan."

Ya ajiye. Ya ɗaga hannuwansa biyu ya nuna mata, wayam.

"Kin gani? Ba zan sa ƙafa a garin nan ba sai da shi, na yi rantsuwa."

"Kada ka rantse!"

Ya riga ya rantse.

Da farko saƙo na zuwa ta bakin direbobi. Ya duba Kaduna, babu. Ya tambaya a Ibadan, an ce fim ɗin ya tsufa, wa ke neman wannan? Wani a Kano ya ce ya dawo bayan salla. Daga nan saƙon ya fara ramewa, ya koma gaisuwa kawai, gaisuwar ma ta ɗauke kamar ruwan ƙarshen damina.

Juma'a ba ta fasa zuwa ba. Zaren fim ya yi ta tsinkewa ana liƙawa, har kurjewar zaren ta riƙa bayyana a ƙyallen kamar ruwan sama, a wuraren da ba a yi ruwa ba. Sa'o'in Mairama suka yi aure, suka yi goyo, suka yaye. Ita tana kusa da kunnen Baba.

"Ya hau jirgin?"

"Ya hau, Baba."

Wata Juma'a Ladan ya shigo da sabon turare da sabon labari.

"Na ga mutumin naku a Jos. Ya yi ƙiba, masha Allah. Amaryarsa ma na sayar wa turare."

Mairama ta tashi ta gyara buhun da ke taga, ko da yake bai motsa ba.

"To, Baba," in ji Ladan yana gyara zama, "tunda shari'a ta ƙare, ni ina nan, ban taɓa zuwa ko'ina da akwati ba..."

"Wa ya ce ta ƙare? Ka kawo faifai na huɗu?"

"Ni kuma?"

"Kai ma ɗin."

Kafin kaka Ladan ya auri wata 'yar ƙauyen Gayam. Shi dai bai taɓa wahalar da kansa kan fim ba.

"Yanzu me kika ce, Mairo?" in ji Baba a ranar. "Ya dawo?"

"Ya dawo," ta ce. "Na fim ɗin ya dawo."

Baba Bature ya rasu cikin damina, hannunsa cikin nata. Ana zaman makoki Gwaggo ta leƙo ɗaki.

"Fito zaure. Wani ya karya rantsuwa."

Abdulsalam ne, ya yi furfura a gefen kunne. Ƙyallen na nan a bango, majigin a lulluɓe da tsohon zane. Suka yi gaisuwar rasuwa kamar baƙi, har kalmomin suka ƙare.

"Hannunka wayam," in ji ta.

"Na gan shi, Mairama."

Ta dafa bango.

"Wani tsohon gidan silima a Jos ya sa fim ɗin. Na zauna tun daga farko."

"Ya dawo?"

"Ya hau jirgi. Tana tsaye a tasha, mayafinta ya zame..."

"Na san wannan! Sai me?"

"Sai aka kunna fitilu."

"Zaren ya tsinke?"

"Bai tsinke ba. Mutane suka tashi suna kakkaɓe riga. Na je na kama mai majigin da faɗa, na ce ina sauran? Ya ɗauka taɓaɓɓe ne ni."

Ta juyo ta fuskance shi.

"Me ya hana ka zuwa ka faɗa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Matata na gefena a ranar. Da cikin fari."

Ruwa ya fara sauka a kan kwano. Mairama ta janye zanen da ke kan majigin, ta ninke shi, ta sake warwarewa, don hannunta ya sami abin yi.

"Da ka ajiye wasan nan tun farko, masoyina," ta ce, karo na farko da na ƙarshe da kalmar ta fita daga bakinta.

"Da na ajiye."

"Tashi ka tafi, kada motar Kaduna ta bar ka."

Ya tafi. Ba ta raka shi ko bakin ƙofa ba, ta gaji da tsayuwa a tasha.

Gwangwani uku ne fim ɗin tun daga ƙasar da aka yi shi. Baba Bature ya yi shekaru yana nuna shi gari-gari, kuma lokacin idonsa garau yake.