Hannun Jatau

A can wani gari, a zamanin da, an yi wata mata mai suna Lantana, tana da ɗa guda ɗaya, Jatau. Jatau ya shekara huɗu bai yi magana ba, ba ya kuma kallon idon mutum.

Ran nan kakarsa ta wajen uba ta zo daga ƙauye. Jatau bai gaishe ta ba.

Kaka ta ce, "Wane irin ango ne wannan, amarya ta zo ko kallo? Lantana, kin sangarta shi. Ƙauye zan tafi da shi, bakin nan ya buɗe."

Lantana ta sunkuyar da kai ta ce, "Iya, yana magana, da hannu ne kawai. Don Allah ki zuba masa ido."

Da ƙishi ya kama Jatau, sai ya kama hannun Kaka ya ɗora a kan randa. Kaka ta ba shi ruwa. Da yunwa ta kama shi, sai ya kama hannun Kaka ya ɗora a kan ƙwaryar fura. Kaka ta dama masa.

Gari ya waye, Kaka ta ɗaure kayansa ta ce, "Taso, ango." Lantana na tsaye a bakin zaure, hawaye na zuba. Sai Jatau ya kama hannun Kaka, ya ja ta, ya ɗora a kan Lantana.

Kaka ta sauke ƙunshin ta ce, "Na ji, angona. Na ji."