Turakun da Suka Yi Tafiya

Sufeto bai ko zauna ba aka shigo da labari: an tsinci gawar safiyon hukumar tsara gari a cikin lambatu, a layin da za a faɗaɗa titi. An fasa masa ƙeya.

"Mun riga mun kama mai laifin, yallaɓai," in ji Kofur. "Kafintan layin ne. Kowa ya ji shi jiya yana cewa sai ya ga bayan safiyo. Oga ya ce a kai shi kotu yau."

Abin da kowa ya ji ba ya cika burge Sufeto. Ya ɗauki hularsa.

A layin ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Ya je, ya dawo, ya sake komawa. Jajayen turakun da ke nuna inda rusau zai tsaya suna nan a jere, amma bayan kowanne akwai tsohon rami da aka cike da sabuwar ƙasa. Wani ya tsige su ya matso da su wajen titi. Yanzu wani gida mai shuɗiyar ƙofa ya tsira, shagon kafinta kuwa har yanzu turke na tsakiyarsa.

Ya sa Kofur ya ja tef daga bakin lambatu. Awo ya ƙi daidaita, don lambatun a karkace yake. Suka gwada daga tsakiyar titi, sai ga kowane turke daidai da ɗan'uwansa.

Wayarsa ta yi ƙara. Oga ne. Ya mayar da ita aljihu.

A bayan kanta, kafinta ya rantse bai taɓa turke ba.

"Ƙarya kake."

"To, ɗaya na tsige shekaranjiya, na dafa gam da shi. Suka kafa wani. Amma yallaɓai, in ni na matsar da su, sai in ceci gidan maƙwabta in bar nawa shagon? Talaka ne ni, ba mahaukaci ba."

"Ina ake fara awon fili?"

"Daga bakin lambatu mana. Ko yaron goye ya sani."

Mai gida mai shuɗiyar ƙofa tsohuwa ce, tana tsintar shinkafa a tsakar gida.

"Mama, ba ki fara haɗa kaya ba? An ce rusau na tafe."

"In haɗa in je ina? Autana ya ce in kwantar da hankalina. Shi ne mataimakin marigayin, ai da iliminsa."

Sufeto ya ƙi ruwan da ta miƙo masa, ya wuce hukumar tsara gari.

Darakta ya tarbe shi da jawabi. Sabuwar doka, a cewarsa, za ta kawo ƙarshen cuwa-cuwa, domin na'urar awo ba ta san fuskar kowa ba. Bai ce komai ba kan masu riƙe da na'urar.

"Daga ina kuke awo?" Sufeto ya katse shi.

"A da daga lambatu. A sabon tsari daga tsakiyar titi. Ba mu sanar ba tukuna, ma'aikatanmu kawai muka horar."

"Kira mini mataimakin safiyo."

Matashi ne tsaf-tsaf, idanunsa sun yi ja.

"Yaushe rabonka da layinku?"

"Na kwana biyu ban je ba. Ni ma na ji an ce kafinta ya matsar da turaku."

"Wa ya ce? Ni da Kofur kaɗai muka ga ramukan."

Matashin ya kalli Darakta. Darakta ya kalli silin.

"Mai fushi tsigewa yake ya jefar," in ji Sufeto. "Wanda ya yi wannan ya tsaya ya auna, kuma da sabon awo. Hannunka ya saba, ɗan samari. Ko ha'inci ka kasa yi a karkace."

Matashin ya zube a kujera.

"Ɗakin mamata layin awon ya raba biyu. A nan babanmu ya cika. Na roƙi maigidana, ya ce doka ce. Da asuba na je in gyara, ban san zai yi sammako ba. Ya ce zai faɗa a ofis, ya juya, guduma tana hannuna..."

"Ka kuma bar kafinta ya ɗauki kayanka."

"Na ɗauka za su sake shi."

Sufeto ya ciro waya, wannan karon shi ya kira. "Oga, a buɗe wa kafinta. Eh, yanzu. Ina tafe da mai shi."

Kofur ya saka masa ankwa. A bakin mota matashin ya tsaya.

"Yallaɓai, don Allah kada a bi ta layinmu. War haka mamata tana zaune a ƙofa."

Direba ya ce ɗaya hanyar akwai cunkoso, sai su kai la'asar. Sufeto ya dubi agogo, ya ja tsaki, ya buga ƙofar mota.

"Bi ta cunkoson."