Ɗigo Uku a Bangon Ɗakin Sanyi

Sufeto Dhungana bai taɓa sa giya a bakinsa ba, amma don rashin sa'a shi aka tura kamfanin giya na Tin Dhara ranar Litinin da safe. Wai an sace gangar giya guda.

Manaja Rajkarnikar ya tare shi yana ta gumi. Kamfanin ya shekara arba'in yana dafa giya iri ɗaya. Bana suka fito da sabuwa, wai irin ta masu dafawa da hannu, aka tara manya su ɗanɗana.

"Kowa ya yaba, Yallabai. Ƙamshin lemo, ɗacin furanni, taushin..."

"Malam, ganga nake tambaya."

"Sabitri ce ta ɓata taron. Kurɓa ɗaya ta yi, ta ce wannan tsohuwar giyarmu ce. Aka duba, haka ne, an musanya. Wa zai sani in ba ɓarawon ba? Yau zan kore ta."

Sabitri, mai ɗanɗanon kamfanin, tana zaune idonta ya yi ja.

"Shekara goma ban ci barkono da safe ba saboda aikin nan," ta ce. "Harshena ya yi aikinsa, shi ne laifina."

"Wa ke da makullin ɗakin sanyi, inda aka ajiye gangar?"

"Ni da Baba Buddhiman."

Buddhiman Tamang, tsohon mai dafa giya, ya kaɗa kai. "Rabona da ɗakin tun Alhamis, ɗana."

Sufeto ya shiga ɗakin yana tsaki. An yi wa bangon farin fenti ranar Juma'a saboda zuwan manya. Daidai kafaɗa ya ga ɗigo uku rawaya, sun bushe. Ya daɗe yana kallonsu.

Ya fito ya ce a zuba wa kowa giya.

"Yallabai zai ɗanɗana?" manaja ya washe baki.

"Allah ya kiyaye. Ku sha."

Manaja ya shinshina, ya lumshe ido, ya soma zancen lemo. Sufeto ya ji kamar ya kwaɗa masa kofin. Sabitri ta ɗaga nata ta duba kumfa. Buddhiman kuwa, kafin ya kai baki, ya tsoma yatsa ya yarfa sau uku, rabon kakanni. Ɗigon ya sauka a bango.

Sufeto ya ce, "Baba, fentin ɗakin sanyi na Juma'a ne. Kakanninka sun sha a kansa."

Tsohon ya kalli yatsansa, ya ajiye kofin.

"Mai dafa giya ba ya ɗaukar ganga bai ɗanɗana ba. Gangar sabuwar giyar tana gidana, ƙarƙashin buhunan gero. Shekara talatin ina dafa tawa, suka ce ta tsufa, ta direbobin mota ce. Na ce bari in ga ko za su gane ta."

"Shi ne ka bar yarinyar mutane za a kora?" in ji Sufeto.

Buddhiman ya sunkuyar da kai. "Yafe mini, 'yata. Na manta akwai harshe ɗaya mai gaskiya a gidan nan."

Manaja ya yi gyaran murya, wai dama shi ma ya ɗan ji bambanci.

"Rufe mana baki," in ji Sufeto. "Ka ba ta haƙuri, ta koma aikinta."

Ya kama hannun tsohon suka nufi mota. A bakin ƙofa Buddhiman ya waiwayo.

"Ranka ya daɗe, ka rubuta a rahotonka: manyan sun tafa wa giyata. Har tsaye suka miƙe."