Tsoka a Cikin Faranti

Ranar da Mikail ya fara ganin Nana Hauwa, ba zance ya je ba. Magani ya je nema.

Shekara biyu ke nan da injin mota ya suɓuce daga sarƙa a garejinsu na Ƙofar Mazugal, ya murƙushe masa cinyar dama. Ƙashi ya haɗe, amma likitoci sun yanke naman da ya mutu, wurin ya zama rami. Sai da sanda yake tafiya. Gwaggonsa Uwani ce ta jiyo a gidan suna wai akwai 'yar Malam Hashim ta Goron Dutse da ke shuka tsoka a jami'a.

A zaure ta same shi. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta nuna masa bidiyo a wayarta: wani ɗan farin abu a cikin faranti, bai kai farce ba, yana motsi a hankali.

Ta ce, "Zaren roba muke yi, wanda ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Mu jera shi layi-layi, mu zuba ƙwayoyin tsoka a kai, su bi layin su girma. Wannan ta ɓera ce."

"Ta mutum fa, Dakta?"

"Ban zama dakta ba tukuna, Malam Mikail. Ta mutum kuma da saura."

Shi ya ɗauka sauran kaɗan ne. Ita kuwa da ta ga yadda fuskarsa ta washe, sai ta kasa ƙarasa maganar.

Daga tambayar faranti, hira ta sauya hanya. Kullum da safe saƙonsa ne ke fara shigowa:

"Nanata, kin karya? Ki gaishe min da 'yar tsokarmu."

Ta mayar masa: "Tana amsawa. Kai kuma ka daina ɗaga abu mai nauyi, rigimammena."

Da maganar ta kai kunnen Malam Hashim, bai yi faɗa ba. Kiranta ya yi bayan azahar.

"Hauwa'u, ba sandarsa nake ƙi ba. Amma ke yake so, ko ƙafarsa? Ranar da ya gane ba za ki iya ba fa? Ga Bashir ɗan aminina, shekara guda yana jiran amsa."

Ta buɗe baki ta kare Mikail, sai ta tarar ita ma ba ta san amsar ba.

A watan ne aikinta na wata shida ya lalace. Ta gwada tsoka mai ɗan kauri, bakin-bakin ya rayu, tsakiyar ta mutu, don babu jijiyar jinin da za ta kai mata abinci. Ta daɗe tana kallon farantin. Da la'asar ta kira Mikail, ya zo ya same ta a zaure.

"Na zalunce ka da shiru," ta ce. "Abin da muke yi bai wuce kaurin takarda ba. Cinya guda kuwa, wataƙila shekara ashirin, wataƙila ba a zamaninmu ba. Ba zan iya gyara maka ƙafa ba, Mikail."

Ya dube ta, ya dubi cinyar. Ya lallaɓa ya miƙe, ya fita ko sallama babu.

Kwana tara ba saƙo. Ta rubuta ta goge ba adadi. Me za ta ce masa? Ba ta da wani albishir. Ga iyayen Bashir sun aiko za su zo ranar Asabar. Abinci ma sai mahaifiyarta ta tsaya a kanta take ci.

A rana ta goma, tana cikin adaidaita, wayar ta yi ƙara:

"Nanata, na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Ƙafar nake wa makoki, ban so ki gani ba. Na gama. In kin yarda, gobe zan zo wajen Baba."

Ta rubuta: "Ka zo."

Ya zo, gumi ya jiƙa masa riga saboda hawan unguwar. Ya gaishe da Malam Hashim, kansa a ƙasa.

"Baba, magani na zo nema gidan nan, ban samu ba, na kuma san ba zan samu ba. Haka ƙafar za ta zauna. Ina gyaran wayarin mota a zaune, zan iya riƙe iyali. Hauwa nake roƙo."

Nana Hauwa, da ke laɓe a bayan ƙofa, ta fara hawaye.

"Kwana taran nan na ga yadda 'yata ta koma," in ji dattijon. "Ni zan ba aminina haƙuri. Ka turo magabatanka."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a ƙofar gidan. Da za a tafi da amarya, ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka. Ya dafa kanta.

"Ki je, Hauwa'u. Na yafe miki duniya da lahira. Allah Ya sa ku iya da juna, Ya ba ku zuri'a ta gari."

Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa.