Kwanon Fanke a Kan Rumbu

A wani gari can da daɗewa, an yi wata yarinya 'yar shekara goma sha huɗu mai ƙiba ƙwarai. Gwiwoyinta na ciwo, in ta shiga gaɗa da ƙawayenta sai haki ya kama ta, ta koma gefe. Gwaggon da ke riƙonta mai suyar fanke ce, yarinyar kuwa ba ta barin gindin kasko sai ta lamushe ashirin.

In gwaggo ta ce, "Ki rage, 'yar nan," sai ta ce, "Rabo ne, Gwaggo. Abin da aka rubuta mini nake ci." In mai magani ya ce ta rage maiƙo, sai ta ce, "Rabo ne."

Wata safiya gwaggo ta ɗora kwanon fanke a kan rumbu, ta ce, "Zauna nan. In rabonki ne, zai sauko."

Yarinya ta zauna. Hantsi ya yi, rabo bai sauko ba. Azahar ta yi, rabo bai sauko ba. Sai ta je maƙwabta ta aro tsani, ta hau tana nishi, ta cusa hannu a kwano.

Gwaggo ta leƙo daga madafa. "Ikon Allah! Yau ga rabo da aron tsani!"

Dariya ta kusa kayar da yarinyar. Ta ɗauki fanke biyu, ta mayar da murfi.

"Sauran fa?" in ji gwaggo.

"Ni na hau da ƙafata, Gwaggo, ni kuma na ce biyu sun isa."