Ranar da Rediyo Ya Yi Shiru

Ni Tevita, teku ta haɗiye ni ta amayar ba sau ɗaya ba. Ban taɓa shiga aji ba, amma kaf tsibirinmu ba wanda ya kai ni sanin yadda aka gano wanda ya jawo mutuwar Waisake masunci.

Da safe aka tsinci gawarsa a gaɓa, kwalekwalensa a kife. Insifekta Ravouvou ya iso daga Suva, babban birninmu, ya zarce ɗakin rediyo wajen Salote mai kula da shi.

"Me ya hana ki sanar da guguwa?"

"Ranka ya daɗe, ba ni ke sanarwa ba. Manhaja ce ke karanta gargaɗi da murya ta watsa wa masunta. Jiya rubutu kawai ta nuna. Wa zai ga rubutu a tsakiyar teku?"

Aka kawo mutum biyun da suka rubuta manhajar, Anish da Merewalesi, wato Mere, wadda marigayin kawunta ne. Tun a hanya mata ke yi mata ihu, wai boko ya sa ta kashe ɗan'uwan uwarta.

"Murya aikin Mere ne," in ji Anish. "Ni zuwa na yi na haɗa manhajar a nan, ta haɗu lafiya lau."

"A kwamfutata tana magana!" in ji Mere. "Tawa Linux ce, ta nan Windows. Kowace sai an haɗa mata tata manhajar, tare da ƙunshin murya da muka aro. Na tsara in babu ƙunshin, haɗin ya tsaya."

Insifekta ya ce, "To, ku sake haɗawa a gabana. Ke fara."

Ta gwada. Kwamfutar ta cije, ta fito da jan rubutu.

"Kai kuma fa, gwani?"

Anish ya zauna, yatsunsa suka yi ta gudu. Nan da nan aiki ya kammala.

Insifekta ya ce, "Ikon Allah! Ta ƙi ta, ta yarda da kai. Mene ne ɗan abin nan da ka ƙara a ƙarshe?"

"Ba komai, sabo ne kawai."

Mere ta leƙa, ta dafe ƙirji. "Umarnin tsallake murya ne. Anish, kai ka mayar da ƙunshin muryar ya zama na ganin dama?"

Na sha ganin mutum yana nutsewa, haka fuskar Anish ta koma.

"Ya ƙi haɗuwa a wannan kwamfutar," ya ce a hankali. "Jirgin komawa Suva na shirin tashi, in ya tafi sai wani mako. Na ce ai kowa na da waya, zan dawo in gyara."

"Ka dawo?" in ji Insifekta.

Nan take ya sa masa ankwa, ya tasa ƙeyarsa zuwa gaɓa ta tsakiyar masu makoki. Wannan karon jirgin ya jira shi.