Ni Ce Harshen Papá

"Ki faɗa min dalili ɗaya, Araceli. Ɗaya tak, sai in tafi ban ƙara damunki ba."

Lowell ne tsaye a barandar gidanmu ranar Asabar da la'asar, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ya samu aikin jinya a wani asibiti a Denver, saura sati biyu ya tafi. Zoben da ya saya min kuwa wata uku ke nan yana yawo a aljihunsa, don duk sanda ya ciro maganar sai in ce ba zan iya barin San Antonio ba.

"Ba kya sona ne?"

"Kai ma ka san ba haka ba ne..."

"To mene ne, masoyiyata? Mahaifinki garau yake, jiya ma na gan shi a kan tsani yana gyaran rufi. Yayyenki biyu duk suna garin nan."

Dalilin yana kan harshena, amma sirrin ba nawa ba ne balle in bayar. Ya jira har ya gaji, ya sauka ya shiga motarsa, ni kuma na zauna a matakala na yi kukana na ƙoshi.

Mahaifina, Don Eusebio Treviño, shekara arba'in ke nan duk Lahadi yana ɗora tukunyar chili, jan farfesun naman shanu da dangi ke taruwa a kai. Tun rasuwar mahaifiyata tukunyar nan ce ta riƙe gidan. Dokarsa biyu ce, ba wake, ba tumatir. Ranar da Lowell ya fara zuwa, bawan Allah ɗan Michigan, ya leƙa kwanonsa ya tambaya ina waken yake. Papá ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarsa, daga baya ya laƙaba masa suna Mai Wake.

Abin da kowa bai sani ba, shekara uku da suka wuce wani zazzaɓi ya kwantar da Papá, ya tashi ba ya jin ƙanshi ba ya jin ɗanɗano. Ni kaɗai ya faɗa wa, ya kuma sa na yi alkawarin ba zan bari ko yayyena su ji ba. Mutum ne mai ji da kansa, gara masa ya rasa ƙafa da a tausaya masa a gaban tukunyarsa.

Tun daga nan na zama harshensa. Ina tsaye gefensa kamar mai wanke-wanke, in faki ido in ɗanɗana. In na taɓa kunne, gishiri ne. In na shafa hanci, a ƙara barkono. Shi kuma sai ya kai cokali baki, ya lumshe ido kamar gaske, ya ɗaga murya ya ce gishiri bai ji ba. Wallahi ina son Lowell har cikin ƙashina, amma in na tafi Denver wa zai taɓa wa Papá kunne?

Da yamma Papá ya ce in kira Mai Wake in ce gobe ya zo cin abinci, bai ƙara komai a kai ba.

Da safe na ɗaura ƙyallen girki na nufi kicin, sai na tarar da shi ya tokare ƙofa.

"Yau ba ki da aiki a nan, mija," ya ce, wato 'yata da Sifaniyanci.

"Papá, ai Lahadi ce..."

"Na san kwanakin mako, 'yata. Je ki zauna."

Ina fa zama. Na laɓe a bakin ƙofa ina leƙe. Ya baza busasshen barkono kala uku a kan kasko, yana juya su da yatsa yana ƙirge a hankali, tunda hancinsa ba zai gaya masa in sun fara ƙuna ba. Ya jiƙa su a ruwan zafi, ya markaɗa da tafarnuwa. Naman kafaɗa ya yanka ƙanana daidai kan babban yatsa, ya soya kaɗan-kaɗan a cikin kitsensa har ya yi duhu, sannan ya juye jan markaɗen ya rage wuta.

Awa huɗu yana zaune a gefen tukunyar ƙarfen nan ya kasa kunne. Da ƙarar tafasar ta canza ta yi nauyi, sai ya miƙe ya dama garin masara ya zuba don romon ya kama jikinsa. Jan mai ya taso sama, ƙanshi ya cika gidan, shi kaɗai ne ba ya ji. Da ya zo kan gishiri na ga ya zuba a tafin hannu, ya daɗe yana kallo, ya mayar da rabi. Saura kaɗan in faɗa ciki, na dai cije.

Ƙarfe biyu tebur ya cika. Yayyena da matansu, ga Tía Chelo ƙanwar Papá, ga Lowell can a ƙarshe yana ta kauce wa idona. Papá ya zuba wa kowa da hannunsa, amma bai zauna ba.

"Shekara uku ke nan ban san ɗanɗanon komai ba," ya ce. "Da kofi da ruwan zafi duk ɗaya ne a bakina. Abin da kuke ci kuna yabona, harshen yarinyar nan kuke yabo. Na yau ni kaɗai na dafa. Ku ci ku gaya min gaskiya."

Tía Chelo ta dafe ƙirji. Lowell ya ɗago ya dube ni, na ga ya gane komai a take, kunya da tausayi suka cika masa fuska.

Yayyena tun kafin su haɗiye suka fara rantse-rantse wai bai taɓa yin mai daɗin na yau ba. Papá ko kallonsu bai yi ba.

"Kai, Mai Wake. Me ka ce?"

Lowell ya ajiye cokali, kunnuwansa sun yi jajir, ban sani ba ko yaji ne ko tsoro.

"Naman ya yi laushi, yajin ya ratsa shi sosai... amma gishiri bai ji ba, Don Eusebio."

Babban yayana ya zungure shi ta ƙarƙashin tebur. Tía Chelo ta ce a ƙyale yaro, gaskiya ya faɗa. Papá ya juyo gare ni.

"Mija?"

Na ɗebo na kai baki. Barkonon bai ƙone ba, romon ya yi kauri yadda ake so, naman yana narkewa. Komai ya zauna daidai, kuma shi kaɗai ya yi, da ido da kunne da yatsa. Hawaye suka zubo min.

"Gishiri ne kawai, Papá."

"Gishiri kawai?"

"Shi kaɗai."

Ya ɗauko kwalbar gishiri ya dangwara ta a tsakiyar tebur.

"To ga shi nan, kowa yana da hannu." Ya matso ya kama fuskata da tafukansa masu ɗumi. "Jiya tagar kicin a buɗe take, na ji ku. Saboda gishirin da bai cika tafin hannu ba zan zaunar da 'yata ta tsufa a gindin tukunya? Uwarki ba za ta yafe min ba. Yaron nan ya kalli idona ya faɗa min gaskiya, ki bi shi."

Lowell ya taso har yana ture kujera, ya durƙusa a gabana ya ciro zoben, yatsunsa duk jan mai. Na ce na yarda tun bai gama tambaya ba, Tía Chelo ta fashe da kuka tana tafi. Ban taɓa alfahari da zama 'yar Eusebio Treviño kamar a wannan rana ba, mutumin da ya ajiye girman kansa a gaban kowa don ya buɗe min ƙofa.

Na rungume shi na raɗa masa, "To wa zai riƙa ɗanɗana maka, Papá?"

"Duk wanda ya zo da yunwa," ya ce. "Zauna ki ci, yana hucewa."